Lugude a Cikin Ƙwaƙwalwa: Me Ƙwayoyin Jijiya Ke Faɗa Idan Suka Buga Tare?

Duk wanda ya taɓa makara sallar Juma'a, ya shimfiɗa dardumarsa can bakin titi saboda masallaci ya cika, ya san wannan abin. Dubban mutane suna ciki, wannan yana tasbihi, wancan yana karatu ƙasa-ƙasa, wani yana gyaran murya, amma kai da ke waje ba ka jin komai sai gunji marar kan gado. Da liman ya ɗora addu'a jama'a suka amsa, sai "amin" ta tsallako katanga ta same ka inda kake zaune. Mutanen ba su ƙaru ba, kuma ba wanda ya kware baki. Sun dai faɗa ne a lokaci guda.

Abin da likitan nan Bajamushe Hans Berger ya ji ke nan a garin Jena a 1924, lokacin da ya manna wayoyi a kan mutum ya naɗi lantarkin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, aikin da bai wallafa ba sai 1929. Ƙwayar jijiya ɗaya, cikin ƙananan ƙwayoyin da ke aika saƙo a ƙwaƙwalwa, ba ta da muryar da za ta huda ƙoƙon kai. Abin da na'urar Berger ta kama shi ne "amin" ɗin miliyoyin ƙwayoyi, tana hawa tana sauka kimanin sau 10 a sakan ɗaya idan mutum ya lumshe ido ya natsu. Yana buɗe ido sai kiɗan ya watse. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta addabi masana: wannan bugun tare magana ce ƙwaƙwalwa take yi da shi, ko kuwa ƙarar inji ce kawai, irin rurin janareta da ba shi ke kunna fitila ba?

Kafin a kai ga amsa sai an san irin harshen da ƙwayoyin ke magana da shi, kuma harshe ne mai talauci ƙwarai. A kan ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowacce kuma kalma ɗaya tak ta iya: wani tartsatsin lantarki da ke ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wato milisakan guda. Tartsatsin da ke ɗauke da zafin barkono da wanda ke ɗauke da muryar mahaifiyarka, in ka gan su a na'ura, ba ka bambanta su. Edgar Adrian na Jami'ar Cambridge ne ya fara gano yadda ake gina zance da kalma ɗaya. A 1926 ya rataya nauyi a tsokar kwaɗo, ya saurari jijiyar da ke fitowa daga cikinta. Da ya ƙara nauyi, girman tartsatsin bai sauya ba, yawansa ne ya ƙaru. Ja kaɗan, bugu jefi-jefi. Ja da ƙarfi, bugu kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1932, kuma ya zama karatun farko na duk mai shiga fagen: ka ƙirga tartsatsi, ka san saƙo.

Karatun gaskiya ne, har gobe ana aiki da shi. Sai dai yana kallon mai magana, ya manta da mai sauraro. Ƙwaya ɗaya a ɓawon ƙwaƙwalwa tana karɓar saƙo daga dubban 'yan uwanta, kuma kowane saƙo ɗan mitsitsi ne, galibi bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na abin da zai tayar da ita ba. Ga shi kuma tana yoyo. Abin da ya shigo yana tsiyayewa cikin milisakan 10 zuwa 20, tamkar zuba ruwa a kwando. Saƙo talatin da suka zo a warwatse cikin rabin sakan, kowanne ya tsiyaye kafin na bayansa ya iso, ba za su motsa ta ba. Su ɗin dai, in suka faɗo cikin milisakan biyar, sai ta cika ta batse ta harba nata tartsatsin. Adadi ɗaya, sakamako biyu. A nan ne duk maganar bugun tare take da tushe, kuma wannan ɓangaren ba a jayayya a kansa, lissafin lantarki ne kawai. Randy Bruno da Bert Sakmann sun nuna shi a ɓera a 2006: wayoyin da ke kawo labarin gashin bakinsa zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa raunana ne ɗaya-ɗaya, amma da yake suna bugawa tare, su kaɗai sun isa su tayar da ƙwayar da ke karɓa.

Inda rigima ta tashi shi ne da aka ɗora wa bugun tare wani kaya mafi nauyi. David Hubel da Torsten Wiesel sun riga sun nuna, tun daga 1959, cewa ɓangaren gani yana yi wa hoto gunduwa-gunduwa: wata ƙwayar tana kula da layin da ya tsaya, wata da wanda ya kwanta, daga baya aka gano wasu wuraren sun fi kula da launi, wasu da motsi. To ga jar mota tana tafiya gabas, ga farar akuya tana tsallakawa yamma. Masu ja suna bugu, masu fari suna bugu, masu gabas da masu yamma duk suna bugu. Wa ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ja da gabas kayan mota ne, fari da yamma na akuya? Me ya hana ka ga farar mota da jar akuya? A 1981 Christoph von der Malsburg ya kawo shawara mai kyau kamar me: bari ƙwayoyin da ke magana a kan abu ɗaya su riƙa bugawa tare, na ɗaya abin kuma su buga nasu a wani lokacin daban. Lokaci ya zama hatimin da ke cewa "mu kayan mutum ɗaya ne".

A 1989 sai ga abin ya bayyana a ɗakin gwaji. Charles Gray da Wolf Singer da abokan aikinsu, a Cibiyar Max Planck ta Binciken Ƙwaƙwalwa da ke Frankfurt, sun soka siraran wayoyi biyu a ɓangaren gani na kyanwa, tsakaninsu kusan milimita 7, kowacce tana sauraron ƙwayoyin da ke kallon wani gurbi dabam na allo. Suka gitta sandunan haske biyu, ɗaya ta nufi dama ɗaya hagu: duka wuraren suka yi bugu, amma kowa da nasa kiɗan. Suka gitta sandunan a jiha ɗaya: sai aka fara ganin jituwa. Suka haɗe su suka zama doguwar sanda guda: sai wuraren biyu suka kama kiɗa ɗaya, sau 40 zuwa 60 a sakan, wanda ake kira gamma. Yawan bugun kusan bai sauya ba a duka ukun. Wanda ke ƙirge kawai ba zai ga bambanci ba. Shekara guda kafin haka ƙungiyar Reinhard Eckhorn a Marburg ta ga irin wannan. Duniyar binciken ƙwaƙwalwa ta ɗauka, har Francis Crick da Christof Koch suka yi hasashe a 1990 cewa ƙila a wannan kiɗan na 40 ne sirrin sanin kai yake.

A ganina a nan aka yi azarɓaɓi. Gwajin kyanwar yana da kyau, amma kyanwar a sume take da maganin barci, ba ta ce ta ga sanda ɗaya ko biyu ba. Da aka koma ga birai farkakku waɗanda aka horar su nuna abin da suka gani, labari ya fara sauyawa. Alexander Thiele da Gene Stoner sun gwada a 2003 a ɓangaren da ke kula da motsi, ba su ga bugun tare yana bin abin da biri ya haɗa a matsayin abu ɗaya ba. Pieter Roelfsema, wanda shi kansa a gidan Singer ya yi aiki, ya sa birai su bi lanƙwasasshen layi da hankali a 2004, ya tarar abin da ke nuna "wannan layin ɗaya ne" shi ne ƙaruwar yawan bugu, ba jituwar lokaci ba. Supratim Ray da John Maunsell suka ƙara wata a 2010: saurin kiɗan gamma yana sauyawa da yadda hoto ya fito rangaɗau ko ya dushe, har sassa biyu na abu guda kan yi kiɗa daban-daban. Hatimin da ke sauya kamanni daga kusurwar takarda zuwa wata kusurwar ba ya tabbatar da komai. Tun 1999 ma Michael Shadlen da Anthony Movshon sun yi tambayar da ta fi kowacce cizo: kafin ƙwayoyi su buga tare, ai sai wani abu ya riga ya san cewa kayan mutum ɗaya ne. Ashe bugun tare, ko da yana nan, sanarwa ce ta hukuncin da aka riga aka yanke a wani wuri.

Singer da almajiransa ba su sallama ba, suna da amsoshinsu, kuma har yau ana musayar yawu a mujallu. Amma mai karatu zai yi asara idan ya ɗauka faɗuwar wannan da'awar ita ce faɗuwar maganar gaba ɗaya. Hujjojin da suka fi ƙarfi ba daga idon kyanwa suka fito ba. Sun fito ne daga halittun da ba a cika yi musu kallon masu ƙwaƙwalwa ba.

Ɗauki fara. Irin wadda Gilles Laurent ya yi shekaru yana bincike a kanta a jami'ar Caltech ta Amurka 'yar uwa ce ta kusa ga farar dango da ke cinye gonaki a Sahel, wadda kuma ake ramawa a kanta da mai da yaji. Da ƙahonnin nan biyu take jin ƙamshi. Labarin yana shiga wani ɗan curi a kanta mai ƙwayoyin aike kimanin 800, su kuma su miƙa wa wasu ƙwayoyi kusan 50,000 da ke gaba. Ƙamshi na bugun ƙahon, sai curin ya kama kiɗa kimanin sau 20 a sakan. Abin sha'awar shi ne ba kowa ke shiga kowane zagaye ba. A zagayen farko wasu ƙwayoyi ne suka buga tare, a na biyu wasu sun fita wasu sun shigo, a na uku an sake zubi. Kowane ƙamshi da nasa jerin. Su kuma na gaba masu taurin kai ne, ba sa amsawa sai ƙwayoyi da yawa sun ƙwanƙwasa musu ƙofa a lokaci guda, kuma a ƙarshen kowane zagaye ana share allon a sake sabon lissafi.

Ganin abu yana faruwa daban, tabbatar da cewa yana da amfani daban. A 1997 Mark Stopfer da Laurent da abokansu suka yi gwajin da ni dai nake gani ya fi duk na fagen tsafta. Suka kama ƙudan zuma, suka koya masa cewa wani ƙamshi yana zuwa da ruwan sukari, har ya zama yana jin ƙamshin sai ya zaro harshe. Sannan suka ɗiga wa curin ƙamshinsa wani sinadari mai suna fikrotoksin, wanda a jikin fara aka ga yana kashe kiɗan amma ya bar kowace ƙwaya tana amsa ƙamshi kusan yadda ta saba. Ƙudan da aka ɗiga wa bai rasa hanci ba. Ka kawo masa ƙamshin da ya yi nisa da wanda ya koya, ya san ba shi ba ne. Amma ka kawo wanda suka yi kama a sinadari, sai ya zaro harshe, alhali ɗan uwansa da ba a taɓa ba yana bambantawa. An cire jituwa kaɗai, sai tantance na kusa da na kusa ya tafi. Kamar mai sayen turare ne da har yanzu yake raba turare da kananzir, amma ya daina raba oud mai kyau da na jabu.

Mujiya kuwa ta kai abin matuƙa. Farar mujiyar nan da ke kwana a rufin tsofaffin gine-gine, wadda ake camfawa a garuruwanmu, tana iya cafke ɓera a cikin duhun da ba ko ɗigon haske, da kunne kawai. Ƙarar da ta taso daga dama tana riga isa kunnen dama da ɗan abin da bai kai milisakan ba. Lloyd Jeffress ya yi hasashe a 1948 cewa za a iya auna wannan da wayoyi masu tsawo daban-daban da ƙwayoyin da ba sa harbi sai saƙon kunnuwa biyu ya iso musu tare. Catherine Carr da Masakazu Konishi suka gano kusan ainihin wannan tsarin a kan mujiya a 1990. Ƙwayar da saƙon biyu suka yi karo a kanta, ita ce ke faɗin inda ɓeran yake. Mu ma da bambancin lokaci muke juyawa idan aka kira mu daga baya, har kunnen mutum kan gane tazarar da ba ta fi kashi goma cikin miliyan na sakan ba, ko da yake a dabbobi masu shayarwa wayoyin ba haka aka ja su daidai ba. A nan ba a maganar ƙirge. Lokacin isowa shi ne saƙon.

Sai dai kalmar "tare" tana ruɗarwa, domin ba kullum take nufin a buga a lokaci ɗaya ba. Ka tsaya ka kalli mata uku suna lugude a turmi guda. Kiɗa ɗaya ne ya ɗaure su, amma da taɓarya biyu za su sauka lokaci ɗaya da an yi ɓarna. Kowacce tana da gurbinta a cikin zagayen, ta farko, ta biyu, ta uku, kuma mai kunne ko daga zaure ya san wadda ta yi jinkiri. Haka ƙwaƙwalwar ɓera take yi a wani sashe da ake kira hifokamfus, matattarar tuna wuri da abin da ya faru. John O'Keefe na Landan ya gano a 1971 cewa akwai ƙwayoyin da kowacce ke bugawa idan ɓera ya isa wani takamaiman wuri, aikin da ya kai shi ga Nobel a 2014. Idan ɓera yana gudu, sashen yana kiɗa kimanin sau 8 a sakan, wanda ake kira tita. A 1993 O'Keefe da Michael Recce suka lura cewa ɓera yana shiga gurbin wata ƙwaya, tana bugawa a ƙarshen zagaye. Yana kaiwa tsakiya, sai ta matso tsakiyar zagaye. Yana fita, tana bugawa a farko. Saboda haka a cikin zagaye guda, wanda bai fi milisakan 125 ba, ƙwayar wurin da ya baro ita ke fara sauke taɓarya, sai ta inda yake, sai ta inda ya nufa. Tafiyar da ta ci sakan guda ko biyu an dunƙule ta cikin ƙiftawar ido, a jere.

Me ya sa dunƙulewar take da muhimmanci? Saboda mahaɗar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya tana da agogo. Guo-qiang Bi da Mu-ming Poo sun auna a 1998 cewa idan ƙwaya ta farko ta riga ta biyu bugawa da abin da bai wuce milisakan 20 ba, mahaɗarsu tana ƙara ƙarfi. In aka juya jerin, sai ta yi rauni. Ɓera ba zai iya gudu daga wuri zuwa wuri cikin milisakan 20 ba, amma luguden ya sauko da tafiyar zuwa ma'aunin da mahaɗa ke iya rubutawa. In ya kwanta barci kuma, sashen kan yi wasu gajerun fashe-fashe masu sauri ƙwarai, inda ake maimaita jerin hanyar da ya bi da rana. Gabrielle Girardeau da György Buzsáki da Michaël Zugaro da abokansu sun riƙa katse waɗannan fashe-fashen a 2009 ba tare da sun tashi ɓerayen daga barci ba, sai koyon hanyar abinci ya yi musu nawa. (Jemage ya ɗan kawo cikas ga masu son kiɗa: ɗakin binciken Nachum Ulanovsky a Isra'ila ya tarar jemagen Masar yana da ƙwayoyin wuri ba tare da tsayayyen kiɗan tita ba, amma duk da haka ƙwayoyinsa suna kiyaye jeri a kan hawa da saukar da ba ta da tsari. Da alama jerin ne abin nema, kiɗan hanya ce ɗaya ta samar da shi.)

Shi kansa gamma ya sami sabon aiki bayan an sauke masa na farko. Pascal Fries da Robert Desimone sun nuna a 2001 cewa idan biri ya mai da hankali kan abu ɗaya cikin biyu, ƙwayoyin da ke kallon wannan abin suna ƙara jituwa da juna. Daga nan Fries ya gina ra'ayinsa a 2005. Kiɗan gamma yana fitowa ne daga wasu ƙwayoyi masu taka birki, su danne maƙwabtansu, su saki, su sake dannewa, abin da aka tabbatar a 2009 ta hanyar kunna su da haske a kan ɓeraye. To kowane gungu yana da ƙofa mai buɗewa da rufewa sau da yawa a sakan. Saƙon da ya iso ƙofa a buɗe ya shiga, wanda ya tarar da ita a rufe ya sha ƙasa. Gungu biyu da kiɗansu ya dace suna jin juna, na ukun da ya saɓa sai ya yi ta magana shi kaɗai. Wannan ma akwai masu ja, suna cewa ƙila dacewar kiɗan sakamakon sadarwa ce ba sababinta ba. Amma da'awar ta fi ta da tawali'u, ta kuma fi zama a kan lissafin kwandon nan mai yoyo: bugun tare ba ya faɗin mene ne abu, yana zaɓar wa za a saurara.

Akwai kuma kuɗin da ake biya. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa mutum ɗari da duk suka ji daga bakin mutum ɗaya ba su fi shaida ɗaya ba. Ehud Zohary da Shadlen da William Newsome sun auna irin wannan a biri a 1994: ƙwayoyin da ke maƙwabtaka suna ɗan yin kuskure tare, kaɗan ne ƙwarai, amma ya isa ya sa tara ra'ayin fiye da ƙwaya ɗari ya daina ƙara wani haske. Marlene Cohen da Maunsell suka tarar a 2009 cewa mai da hankali yana rage irin wannan tafiya tare ta sannu-sannu. Wato hankali yana ƙara jituwar milisakan a wani gefe, yana kuma raba ƙwayoyi da kwaikwayon juna a wani gefen. Lokacin da ƙwaƙwalwa mai lafiya ta fi kowane lokaci bugawa baki ɗaya shi ne barci mai nauyi da sumar tiyata, inda duk ɓawon ke tashi da kwanciya kimanin sau ɗaya a sakan, kuma a lokacin ne mutum ba ya sanin komai. A cutar Parkinson wani kiɗa mai sau 13 zuwa 30 a sakan yana kafewa a sassan da ke sarrafa motsi, maganin lebodofa da wayar da ake dasawa a cikin kai duk suna sassauta shi, jiki kuma ya ɗan saki.

Mafi kusa da mu ita ce farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita kusan miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici, kuma ta ce kusan kashi 70 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai. Akwai wani nau'inta da ke kama yara wanda ba faɗuwa ba kumfa: yaro yana cikin karatu sai ya tsaya cak, ido a kafe, sakan goma, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya bai san an yi ba. A aji a ce masa sakarai, a gida a ce iska ce ta shafe shi. In aka manna masa wayoyin Berger a wannan lokacin, allon yana nuna tsini da tudu, tsini da tudu, sau 3 a sakan, iri ɗaya daga goshi har ƙeya. Ƙwayoyin suna aiki tuƙuru, babu wadda ta mutu, sai dai duka sun koma faɗin abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma har kiɗan ya sake su yaron ba ya jin ko sunansa da malami ke kira.